Magajin Laka

A shekarar 2009, shekarar da Jan Kogi ya cika ya batse har aka sallami ɗalibai daga aji su je cika buhunan yashi, Halldor Stefansson ya fara haɗuwa da Anselm Wiebe. Halldor shi ne mai kula da kayan aiki a sashen nazarin halittun ruwa, a hawa na uku na tsohon benen kimiyya. Shekararsa ashirin da bakwai ke nan a kan aikin, kuma makullin ɗakin firizoji a aljihunsa yake kwana. Anselm kuwa ɗalibi ne ɗan aji uku daga wani ƙauyen manoma a kudancin Manitoba, ya zo neman aikin wankin kwalabe. A lokacin takardu sun ce sunansa Corinne, sun kuma ce mace ce, kowa ma haka ya ɗauka. Dole a ambaci tsohon sunan nan saboda a kansa labarin ya rataya. In ba don haka ba, mu da muka tsufa a benen mun daɗe da daina furta shi.

Halldor bai tambaye shi makin jarrabawa ba. Takarda ya miƙa masa da alƙalami, ya ce a rubuta ɗaya zuwa goma. Da aka gama ya ɗaga takardar ya kai ta kusa da hanci.

"Wannan bakwai ce ko ɗaya?"

"Bakwai ce mana."

"Mai rubutun ya sani. Wanda zai buɗe firiza bayan shekara goma, hannunsa a daskare, bai sani ba. A ja mata layi a ƙugu."

Aka ja wa bakwai layi a ƙugu, aka samu aiki.

Firizojin nan guda biyar ne, kowanne sanyinsa tamanin ƙasa da sifili, kuma a cikinsu rayuwar kowane ɗalibin sashen take. Ƙa'idarsu tsohuwa ce. Kowane akwati sai an rubuta masa sunan mai shi da shekara, kuma rubutun farko ba a goge shi har abada, sai dai a liƙa ƙari a gefe. Sannan kowane watan Mayu ana kwashe firizoji a kankare ƙanƙarar da ta taru, duk akwatin da sunan mai shi ba ya cikin rajistar sashen a wannan shekarar, a zuba shi a durom mai ruwan ɗorawa, a kai shi ƙona. Ba mugunta ba ce. Ɗalibai kan gama su tafi su bar tarkacensu, wuri kuwa ba ya ƙaruwa.

Shi kansa Halldor yana da akwati guda a kanta ta ƙasa a firiza na huɗu, an rubuta masa H. Stefansson 1981. Lakar gindin tafki ce da ya ɗebo lokacin da ya fara digiri na biyu. Kafin ya auna ta matarsa ta haifi tagwaye, ya ajiye karatu ya karɓi aikin albashi. In ɗalibai suka tambaye shi me ke ciki, sai ya ce, "Watarana ce a ciki," ya rufe ƙofa.

Anselm ma lakar ya bi. Ya shiga digirin digirgir a hannun Farfesa Brenda Kowalchuk, yana binciken abin da ke sa babban tafkin arewa ya rine kore da gansakuka kowace bazara. Hunturu uku a jere, daga 2011, yana hawa kan tafkin idan ya daskare, ya huda ƙanƙara mai kaurin kamu biyu, ya zaro laka daga gindi. Ya tara akwati tara, 'yan kwalabe ɗari bakwai da 'yan kai, kowacce da rubutun hannunsa. Hunturun tsakiya ya biyo bayan wata ambaliya ne, lakarsa kuwa ko an ba mutum dala miliyan ba zai sake samo irinta ba, don tafki ba ya maimaita shekara.

A wata Litinin ta watan Oktoban 2013, wajen taron mako-mako, Anselm ya gama bayanin famfon da ya lalace, ya rufe littafinsa ya ce, "Saura abu biyu. Na farko, ni namiji ne, sunana Anselm, daga yau haka za a kira ni. Na biyu, wani ya sake barin butar kofi ba wanki, kuma na san ko wane ne."

Farfesa Kowalchuk ta tashi ta rungume shi tana hawaye. Mace ce mai zuciya ɗaya, in ta ɗauki abu sai ta ga bayansa. A ranar ta rubuta wa ofisoshi goma sha uku. Jami'ar da kan yi wata shida kafin ta canza ƙwan fitila, cikin kwana tara ta share tsohon sunan daga rajista, daga imel, daga katin ɗakin karatu, har daga jerin masu wasan ƙwallon raga. Aka liƙa tambarin bakan gizo, alamar goyon bayan mutane irin Anselm, a kowace ƙofa ta hawa na uku. Aka kafa kwamiti, Farfesa ta zama shugaba, kwamiti ya shirya bita ta awa biyu, ya ce wajibi ce a kan kowane ma'aikaci.

Halldor bai je bitar ba. Ya ce firiza na biyu yana wani tari da bai yarda da shi ba. Tambarin ma bai bari an liƙa a ƙofarsa ba, wai doka ta ce alamar haɗari kaɗai ake sa wa ƙofar ɗakin firizoji. Sannan bakinsa ya yi ta zamewa. Zai buɗe baki ya ce a miƙo masa safar hannu, sai tsohon sunan ya kufce, kunnuwansa su yi jajir kamar an murɗe su.

"Goma sha ɗaya ke nan, Tsoho," in ji Anselm wata rana. "Ina ƙirgawa. In ka kai ashirin kai za ka wanke butar kofi har ka yi ritaya."

"Shekara huɗu ina kiran abu da suna ɗaya."

"Firiza na uku ma an canza shi bara, ban ji ka kira sabon da sunan tsohon ba."

Halldor ya juya ya ci gaba da aikinsa. Daga ranar ya koma kiransa Wiebe kawai, irin na soja, bai kuma sake zamewa ba. A kwamiti kuwa an riga an sa shi a cikin waɗanda ake ce wa sai a hankali.

In ban da wannan, rayuwa ta ci gaba yadda take. Benen nan an gina shi ne a zamanin da ba a zaci mace za ta karanta kimiyya ba, saboda haka banɗakin maza a kowane hawa yake, na mata kuwa sai a ƙasa kusa da ɗakin shara. Anselm ya ce shi dai ribar da ya fara gani ita ce ya huta da sauka bene uku. Da azahar saurayinsa Rodel Manalang, ɗalibin ilimin taurari, yakan tsallako daga benen da ke kallon namu da kwanon soyayyar taliya irin ta mutanen Filifin, su zauna a bakin taga suna ci suna musu.

"Ni ina auna abin da ya yi shekara biliyan," Rodel kan ce, "kai kana wasa da taɓo kamar agwagwa."

"Taɓona dai ana iya taɓa shi. Kai tauraron da kake yi wa hidima ƙila ya mutu tun kafin a haifi kakarka."

"Kada ka sa kakata a ciki. Ci, Mama ta ce ka rame."

Uwar Rodel abu biyu ne suka dame ta game da Anselm, ramarsa da kuma cewa ba ɗan Katolika ba ne. A ƙauyensu Anselm abin bai zo da sauƙi haka ba. Ubansa ya yi shiru, irin shirun mutanen can wanda kan kai shekaru. Kakarsa ce kaɗai, wadda yake kira Oma, ta ci gaba da aiko ƙunshin tsiran alade mai hayaƙi da safa saƙar hannu kowane farkon hunturu. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Sai dai safar da a da take zuwa ruwan hoda ta koma ruwan toka, a bayan ƙunshin kuma ta rubuta Wiebe, ba ƙari. Anselm ya nuna wa Halldor ya ce, "Kai da Oma makaranta ɗaya kuka yi."

Abu ɗaya ne hannun Farfesa bai kai gare shi ba, akwatunan nan tara da ke firiza na huɗu, kowanne ɗauke da tsohon sunan da harafin W. Aikin minti biyar ne a liƙa salatif a gefe a rubuta sabo. Amma sai mutum ya durƙusa ya karanta wancan sunan sau tara da rubutun hannunsa, Anselm kuwa ya gwammace ya kwana a kan ƙanƙara. Halldor ya yi masa maganar sau ɗaya.

"Wiebe, akwatunan nan."

"Na sani, Tsoho. In na dawo daga arewa."

Ya tafi arewa a farkon Mayun 2014, mako shida a jirgin ruwan bincike inda waya ba ta kamawa. Kafin nan jami'a ta ɗauko sabon manaja, wani matashi mai ƙwazo, Tyler Bouchard, ta karɓe lissafin firizoji daga littafin Halldor mai bangon fata ta mayar cikin kwamfuta. An kuma ɗauki sababbin ɗalibai uku. Su huɗun nan Anselm kawai suka sani, shi ma ya roƙi tsofaffin 'yan sashen a bar su a haka. Ya ce yana so ya ɗanɗana yadda ake zama mutumin da ba a san masa komai ba sai son kofi.

Tyler ya yi aikinsa tsaf. Ya gwada sunayen akwatuna da rajista, ya fitar da marayu, wato akwatunan da ba mai su a rajista, ya aika wa kowa jerin har sau uku. Anselm yana tsakiyar tafki. Halldor ba ya buɗe imel sai in an tsaya a kansa. Farfesa ta ga saƙon amma ba ta buɗe jerin ba, tana shirya jawabi, don jami'a za ta ba ta lambar yabo kan yadda sashenta ya zama gidan kowa.

Ranar Alhamis, sha biyar ga Mayu, aka yi kwashe-kwashen, a ranar kuma aka yi bikin lambar yabon a babban zaure. Halldor ya je wajen likitan haƙori da safe, bai shigo ba sai goma da minti arba'in, allurar kashe zafi ta kashe masa rabin baki. Ya tarar da ƙofar firiza na huɗu a buɗe, ɗalibai uku sanye da safar hannu, ga amalanken tura kaya a tsakiyar ɗaki, durom mai ruwan ɗorawa yana jira a gefe. A saman amalanken akwati tara ne a jere, farar raɓa ta fara narkewa a murafensu. Bai buƙaci karanta suna ba. Daga bakin ƙofa ya hango bakwai mai layi a ƙugu.

"Tun yaushe waɗannan suke waje?"

Tyler ya duba agogo. "Minti shida, bakwai. Marayu ne, Malam Halldor. Babu mai wannan suna a rajista, ban ma same ta a cikin tsofaffin ɗalibai ba. Kamar ba a taɓa yin ta ba."

Lakar nan in ta wuce minti goma sha biyar a waje, abin da ake aunawa a cikinta ya lalace. Halldor ya san haka, ya kuma san kalma biyar za su wadatar: na Anselm ne, tsohon sunansa. Sai dai ga idanu takwas suna kallonsa, kuma maganar in ta fita ba ta komawa firiza. Mutumin da sunan ya kufce wa sau goma sha ɗaya ba da niyya ba, yau da faɗinsa zai yi amfani, ya tsaya ya danne harshe.

"A mayar da su," ya ce.

"Ƙa'ida ta ce…"

"Ni na buga ƙa'idar da tafireta kafin a haife ka. Sashe na huɗu. Wanda ya tafi yana iya bar wa wani da ke cikin rajista kayansa. An bar mini su gado."

"Ba a rubuta a kwamfuta ba."

"An rubuta a littafi."

Ya jawo littafin mai bangon fata daga saman kabad, ya juya musu baya, ya rubuta layi ɗaya da kwanan watan bara. Shekara talatin da biyu yana riƙe da littafin nan, ko wuri ɗaya babu ƙarya a cikinsa sai wannan. Ya nuna wa Tyler daga nesa, babban yatsansa a kan tawadar da ba ta bushe ba.

"Wace ce ita wai?" in ji ɗaya daga cikin ɗaliban, wata yarinya mai son jin ƙwaƙwaf. "W ɗin nan Wiebe ne? Ko 'yar'uwar Anselm ce?"

"Rabin kudancin lardin nan W ne. Wiebe, Wiens, Wall, Warkentin. Ki jefa dutse a can sai ya faɗo a kan W."

"To ina take yanzu?"

"Ta yi gaba. Ɗauki wancan gefen, hannu biyu, ba kwandon wanki ba ne."

A minti na goma sha biyu ƙofar firiza ta rufe. Halldor ya jira sanyi ya koma daidai, sannan ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya ya liƙa salatif a gefe, ya rubuta H. Stefansson, magaji. Daga tagar ɗakin ana jiyo tafi a babban zaure.

Bai gaya wa kowa ba. Anselm ya dawo a tsakiyar Yuni, fuskarsa duk cizon sauro, ya zauna ya buɗe imel ɗari huɗu. Can aka ji kujera ta faɗi. Ya ratsa baranda a guje, ya buɗe firiza na huɗu ba ko safar hannu, ya durƙusa. Ya daɗe a durƙushe, har na'urar gargaɗi ta ƙofar firizan ta fara kuka.

"Rufe mini firiza, Wiebe," in ji Halldor daga kan teburinsa, bai ɗago ba.

Anselm ya rufe. Ya zo ya tsaya a kansa. "Me ka ce musu?"

"Na ce gado na ci."

"Ba su tambayi mamacin ba?"

"Na ce ta yi gaba."

Anselm ya yi wata 'yar dariya da ba ta fita duka ba, ya goge hanci da bayan hannu. "To magaji zai ara mini kayansa in auna?"

"A rubuta a littafi. Da alƙalami, ba fensir ba."

Iyakar maganar da suka yi a kai ke nan. Farfesa ba ta taɓa jin labarin ba, lambar yabonta tana nan rataye a ofis, kuma ba wanda zai ce ba ta cancanta ba. Anselm ya kammala a 2016. A shafin godiya na kundinsa Farfesa ta samu sakin layi biyu, Rodel ya samu ɗaya, Oma ta samu ɗaya. Halldor ya samu rabin layi, an gode masa saboda bakwai. A bazarar ne aka ɗaura auren Anselm da Rodel a wani lambu a bakin kogi. Uban ango bai zo ba. Oma ta zo da kankana biyu da soyayyen burodi cike da kwali, ta zauna kusa da uwar Rodel, suka yi awa uku kowacce tana ƙara wa ɗaya abinci a faranti.

Halldor ya yi ritaya a 2017. Aka yanka kek, aka ba shi agogon bango. Akwatinsa na 1981 ya bar shi inda yake, don firizan gida ba ya kai sanyin, kuma ya fi kowa sanin abin da Mayu mai zuwa zai yi wa sunan da ya fita daga rajista. Anselm a lokacin ya samu aikin koyarwa a sashen. Halldor bai roƙe shi komai ba. Wanda ya buga ƙa'ida da hannunsa ba ya neman a karya masa ita. Ya koma garinsu a bakin tafki, yana kamun kifi, bai sake taka benen ba.

Sai dai kowane Afrilu wasiƙa takan zo masa daga jami'a, ana tunatar da shi cewa har yanzu bai halarci bitar nan ta awa biyu ba, kuma wajibi ce. Shekarar farko ya yi dariya. Ta uku ya karanta wa matarsa da ƙarfi, ya ce ga jami'ar da take koyar da lissafi ba ta san wanda ya bar mata aiki ba. Ya riƙa tara wasiƙun a cikin gwangwanin biskit, don shi ba ya zubar da takarda mai kwanan wata. Da ta shida ta zo, a 2023, ya ɗaura lakataye, ya tuƙa mota awa ɗaya da rabi, ya baje su a gaban akawun ofishin ma'aikata.

Akawun ta daddanna kwamfuta. "Ai ba kuskure ba ne, Baba. Kana cikin rajistar sashen nazarin halittun ruwa. Mai ba da shawara, ba albashi."

"Ni? Wa ya sa ni?"

"Kowane malami yakan aiko da sunayen mutanen ɗakinsa a watan Maris. Dakta Wiebe ne ke sa ka. Bana ma ya sa."

Halldor ya tattara wasiƙunsa ya mayar cikin gwangwani. Ya hau bene uku a ƙafa, yana hutawa a kowane hawa. Ƙofar ɗakin firizoji yanzu da kati ake buɗe ta, amma ya tarar an tokare ta da kujera, abin da a zamaninsa ba a isa ba. Firiza na huɗu sabo ne, fari ƙal. Ya ɗauki safar hannu daga inda aka saba rataye ta, ya durƙusa da ƙyar. A kanta ta ƙasa akwatin yana nan, H. Stefansson 1981, tawadar ta koɗe, ba a goge ba, ba a liƙa komai a gefe ba.

Na'urar ƙofa ta fara kuka.

"Rufe mini firiza, Tsoho."

Anselm ne a bakin ƙofa, gemunsa ya fara furfura, kofi a hannu, ɗalibai biyu a bayansa. Ya dubi gwangwanin biskit ɗin da ke ƙasa.

"Bita ka zo?"

Halldor ya rufe ƙofar, ya murɗa hannunta har ya ji ta kama. Ya cire safar ya rataye.

"Wa ya tokare ƙofar nan da kujera?" ya ce.